Rigar wayar salula: wa ya ɗinka ta, wa zai sa ta?

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da birnin Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har ya sauka Gazawa, idan ya dace da ranar kasuwa ba zai rasa ganin rumfar mai cajin waya ba. Ga faifan hasken rana an jingine, ga igiyoyi sun harɗe kamar yaɗon kabewa, ga wayoyi jere a kan tebur kowace da ƴar takardarta. To, a roƙi mai rumfa ya ba da aron uku daga cikinsu, a kunna su gaba ɗaya, a nemi wurin da ake rage ƙara ko wurin da ake kashe intanet. Za a tarar ta farko ta ɓoye abin a sama, ta biyu a ƙasa, ta uku kuwa sai an shiga ɗaki biyu ko uku kafin a kai gare shi. Alhali in aka bincika cikinsu, dukansu uku abu guda ne ke tafiyar da su, wato Android.

Wannan al'amari ana ɗaukarsa ƙarami, zancen samari masu son ƙawa. Mu a wannan shafi muna ganin ya isa hukuma ta dube shi, domin ya shafi aljihun talaka, ya shafi aikin yaƙi da jahilci, ya kuma shafi kayan aikin da gwamnati kanta take saye da dukiyar ƙasa.

Bari mu fara da bayanin asali, saboda waɗanda ba su saba ba. Kowace waya ta zamani tana da uwar manhaja, wadda ita ke haɗa gilashin da batir da kyamara da sauran sassa su yi aiki tare. Kamfanin Google na Amurka ya sayi Android a shekarar 2005, wayar farko da ta fito da ita kuma ta shiga kasuwa a 2008. Google bai rufe ta ba kamar yadda kamfanin Apple ya rufe tasa; ya bar gindinta a buɗe, duk maƙerin waya yana iya ɗauka ya gina a kai. Sai ya zama kamar turmin yadi guda da aka raba wa teloli da yawa. Wani ya ɗinka da aljihu a dama, wani a hagu, wani ya cika ta da aiki har ta yi nauyi. Samsung na Koriya ta Kudu ya daɗe da tasa rigar mai suna TouchWiz, daga baya a ƙarshen 2018 ya fito da One UI. Xiaomi na ƙasar Sin ya fara da MIUI a 2010, ya sauya ta da HyperOS a 2023. Wayoyin da suka fi yawa a kasuwanninmu kuwa, wato Tecno da Infinix da itel, duka na gida ɗaya ne, kamfanin Transsion mai mazauni a birnin Shenzen: Tecno tana sanye da HiOS, Infinix da XOS, dukansu tun 2016. Abin da mai waya yake gani da idonsa, ya taɓa da yatsarsa, wannan riga ce.

Gaskiya ta wajabta a faɗi alherin telolin nan kafin a faɗi laifinsu. Transsion ya juyo da fuskarsa Afirka tun wajen 2008, ya buɗe masana'antar harhaɗa waya a Habasha a 2011. Ya lura cewa mutumin ƙauye yana riƙe layi biyu ko fiye, domin inda Airtel ta kama Moov ba lalle ta kama ba, inda Zamani ke da ƙarfi wataƙila Niger Telecom ba ta kai ba, sai ya yi waya mai ramin layi biyu. Ya lura wuta ba kullum ba ce, ya girmama batir. Ya gyara kyamara yadda fuskar baƙin mutum za ta fito sarai ko da magariba, ya sa harsunan Afirka kamar Amhara da Suwahili da Hausa cikin wayoyinsa. Da haka ya kai ga riƙe fiye da kashi 40 cikin ɗari na kasuwar wayoyin zamani ta Afirka a 2023. Da yawa daga cikin gyare-gyaren nan a cikin rigar suke, kuma da an bar mu da Android tsirararta yadda aka tsara ta a Kalifoniya, da ba mu same su ba. Saboda haka ba mu ce a hana ɗinki ba.

Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Ribar da ake samu a jikin waya mai araha kaɗan ce ƙwarai. Shugabannin Xiaomi da bakinsu suka yi alkawari a 2018 cewa ribarsu a kan ƙarfen ba za ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba. To ina sauran ribar take? Tana cikin rigar. Waya takan zo da manhajojin da mai ita bai nema ba, na kiɗa, na wasa, na labarai, na kasuwar manhajoji ta kamfanin, wasu ma ba su goguwa. Ta cikinsu talla ke shigowa, kuma kowace talla da ta buɗe da hoto ko bidiyo daga cikin megar mai waya take ci. Manomin aya a Cadawa ko Gangara wanda ya sayi intanet na yini guda don ya aika wa ɗansa saƙon murya a Agadas ko Kano, yakan duba da la'asar ya ga kuɗin sun ƙare, ya dinga zagin kamfanin layi, bai san wani ɓangare na abin a cikin wayarsa aka cinye shi ba. Wurin ajiya ma haka: ƙaramar waya takan fito daga kwali rabin cikinta a cike, kafin a yi wata uku ta fara kukan ba wuri.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne zancen karatu. Ƙasarmu tana da shaida a hannu cewa waya na taimakon mai koyon karatu da girma. Tsakanin 2009 da 2011, a ƙauyuka fiye da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, ƙungiyar Catholic Relief Services tare da malama Jenny Aker ta jami'ar Tufts sun gudanar da shirin da aka sani da ABC, inda aka haɗa darasin yaƙi da jahilci na Hausa da Zabarmanci da koyon aiki da salula. Azuzuwan da aka ba waya sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma abin ya fi zama a kansu bayan an rufe aji, saboda suna ci gaba da rubuta saƙo. To amma wace irin waya ce aka yi aikin da ita? Ƙarama ce mai maɓallai, wadda kore yake nufin kira, ja yake nufin kashewa, lambobi kuma suna nan inda suke ko a hannun wa ka karɓe ta. Malami ya zana ta sau ɗaya a allo, ya gama.

Yau malamin aji a Gidan Sori ko Saye Sabuwa, in ya ce kowa ya fito da wayarsa, sai ya ga fuskoki iri biyar ko shida. Ko alamar komawa baya ba ta zauna wuri guda ba: a tsarin Google tana hagu, a wayoyin Samsung takan zo a dama, tun daga Android 10 ta 2019 kuma akwai wayoyin da babu maɓallan ƙasan ma sam, sai dai a ja yatsa daga gefen gilashi. Wanda ya yi lakwal ya daɗe da boko ba ya jin wannan, domin idonsa na karanta kalma nan take ya gane inda aka mai da abu. Wanda ya fito daga ajin manya bara kuwa, karatunsa sannu-sannu ne, rabin sanin wayarsa a yatsa yake: ya san abu kaza yana kusurwar dama, launinsa shuɗi. Ran da waya ta sabunta kanta cikin dare, ko ta lalace ya sayi wata, sai a wayi gari an kwashe masa alamomin hanya. Daga nan sai ya koma miƙa wa yaro waya ya duba masa, har da saƙon kuɗi da lambar sirri. Mutumin da ya sha wahalar watanni a kan tabarma don ya daina neman mai karanta masa wasiƙa, ga shi an mai da shi gidan jiya, ba tare da kowa ya shawarce shi ba. Mata abin ya fi shafa, tun da galibi wayar da suke taɓawa ta aro ce, yau ta miji, gobe ta ɗa ko ta maƙwabciya, kowace da irin ɗinkinta.

Wani zai ce ai sai a juya wayar zuwa Hausa, magana ta ƙare. Da ma haka ne. Mu da aikinmu fassara ne mun zauna mun bi irin wannan Hausa layi-layi a wata waya da ba za mu ambaci sunanta ba, abin da muka gani kuwa sai a hankali. Inda manhaja ke neman izinin shiga hotunan mutum ko jerin lambobinsa, an rubuta masa "Bari". To, bari a Hausa baki biyu gare ta: akwai bari na ƙyale shi ya shiga, akwai bari na daina. Wanda ya danna yana nufin a'a, ya buɗe ƙofa da hannunsa. Wasu shafuka rabi Hausa rabi Turanci. Wasu kalmomin an ɗauko su daga Turancin Nijeriya, wanda ɗan Gazawa da ya saba jin na Faransanci a bakin mai gyaran waya ba zai gane ba. Kowane kamfani da tasa fassarar, babu mai tambayar wani. Shi ya sa za ka ga mutum bai iya Faransanci ba amma ya gwammace ya bar wayarsa cikinsa, domin aƙalla in ya maƙale akwai wanda zai fid da shi.

Ga kuma zancen baƙaƙe masu lanƙwasa. Tun taron Bamako na 1966 aka zauna a kan rubutun harsunanmu, gwamnatin Nijar kuma ta tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa da doka a 1999, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A aji muna tsananta wa ɗalibi a kansu, kuma da dalili: "ya ba ta kuɗin" daban, "ya ɓata kuɗin" daban, baki daban, baƙi daban, wanda ya kasa ba shi ne na ƙasa ba. Amma allon rubutun da waya ke zuwa da shi zaɓin maƙeri ne. A wata wayar baƙaƙen suna nan in an danne harafi an jima, a wata sai an sauko da wani allo daga intanet, abin da sabon mai karatu ba zai yi da kansa ba. Harafin ƴ ya fi kowane shan wahala, saboda maƙwabtanmu na Nijeriya da alamar ɗauri da y suke rubuta shi, kamfanoni kuwa kasuwar Nijeriya suke kallo. Sakamakon haka kowa na iya ganinsa a saƙonnin da ake aikawa kullum: rubutun da ake koyarwa a aji yana nan, rubutun da ake yi a waya yana can.

Akwai wata illa da ido ba ya gani. Tun 2015 Google ke fitar da gyaran tsaro kowane wata don toshe kafofin da ɓarayi ke bi. Gyaran nan ba ya isa wayar mutum kai tsaye. Sai maƙeri ya karɓa, ya daidaita shi da rigarsa, sannan ya aiko. Gwargwadon nauyin ɗinki, gwargwadon wahalar gyara, kuma waya mai araha ita ake fara mantawa da ita. Google ya yi wa wayarsa Pixel 8 alkawarin shekara 7 na sabuntawa a 2023, Samsung ya yi wa Galaxy S24 irinsa a 2024, amma waɗannan ba su ne ke kan teburin mai caji a Cadakori ba. Wayar da aka daina sabuntawa tana nan tana kira, sai dai manhajoji na guduwa daga gare ta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda WhatsApp ta daina aiki a kan duk Android da ba ta kai ta 5 ba a watan Oktoba na 2023. Wani lokaci ma cutar daga masana'anta take fitowa. A watan Agusta na 2020 kamfanin Upstream, ta sashensa na tsaro mai suna Secure-D, ya bayyana cewa ya gano muguwar manhajar nan Triada a cikin wayoyi dubu 53 samfurin Tecno W2 da aka sayar a Habasha da Masar da Gana da Kamaru da Afirka ta Kudu, tana shigar da masu su cikin rajistar biyan kuɗi ba da saninsu ba. Transsion ya amsa cewa daga wani mai kawo masa kaya abin ya shigo, kuma ya fitar da magani. Mun karɓi bayanin. Abin lura shi ne mai waya ba shi da hanyar gane irin wannan, tun da a cikin kwali ya saye ta, a rufe.

Yanzu sai mu juyo ga ma'aikata, domin su ma ba su tsira ba. Allunan lantarki, waɗanda ake kira tabilet, sun zama kayan aikin yau da kullum a gundumomin nan uku: da su ake cike takardun bincike na aikin gona, da su ake ɗaukar lissafin gidajen likita, da irinsu aka yi rajistar ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji tun 2019. Kowane shiri da mai ba shi kuɗi, kowane mai ba da kuɗi da irin allon da ya sayo. A horar da ma'aikaci kwana biyar a Maraɗi a kan samfuri ɗaya, shekara ta kewayo a kawo masa wani. Bugu da ƙari, maƙera da yawa, don a yabi batirinsu, sun sa rigarsu tana kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye. Ma'aikaci ya cike takardu a Ɗan Saga, ya sa allo a jaka yana zaton in ya shigo inda rezo yake za su tafi da kansu, ashe an kashe manhajar tun a hanya. A ofis a ce bai yi aiki ba. Maganin abin ɗan maɓalli ne a cikin saiti, amma kowane kamfani da inda ya ɓoye shi da sunan da ya ba shi.

Kada a ce ƙasashe ba su da ta cewa a wannan fage. Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro miliyar 4 da miliyan 340 a watan Yuli na 2018 saboda tilasta wa maƙera su sa manhajojinsa a cikin waya. Daga ranar 20 ga Yuni 2025 kuma dokarta ta wajabta cewa duk waya ko allon da za a sayar a can sai an ci gaba da sabunta uwar manhajarsa aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyaransa kuma su samu har shekara 7. A ɗaya gefen, mun ga yadda Amurka ta sa wa Huawei takunkumi a watan Mayu na 2019, sababbin wayoyinsa suka fito babu manhajojin Google, har ya koma ga tasa HarmonyOS. Wato fuskar wayar da ke aljihun ɗan Agye, ana iya sauya ta saboda rigimar da aka yi a Washinton ko Burussel.

Mun san Nijar ba Turai ba ce. Yawancin wayoyinmu ta Kano da Katsina da Jibiya suke shigowa, wasu a jakar ɗan kasuwa, kuma ba mai cewa jami'in duwan ya tsaya yana kunna kowace. Amma akwai wurin da hannun hukuma yake da ƙarfi, shi ne inda ita ce mai saye. Duk ma'aikatar da za ta ba da kwangilar alluna ko wayoyi, da duk ƙungiyar waje da za ta raba su da sunan taimako, ya kamata a rubuta mata sharuɗɗa a takarda tun kafin a buɗe tayi: shekara nawa za a yi ana sabuntawa, a cire talla da manhajojin da aikin bai buƙata ba, allon rubutu ya zo da baƙaƙenmu huɗu a fili, gunduma ɗaya kuma ta samu samfuri ɗaya gwargwadon iko. Wannan bai buƙatar sabuwar doka, sakin layi ne a cikin kundin kwangila. Hukumar ARCEP da aka kafa a 2018 don kula da sadarwa, da hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP, suna iya tambayar manyan dillalai abin da ke cikin wayoyin da suke shigowa da su, su sanar da jama'a ta rediyo cikin harsunan ƙasa.

Game da kalmomi kuwa, laifin ba na kamfanoni ba ne su kaɗai, domin ba mu taɓa miƙa musu wani abu suka ƙi ba. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan matsayi yana da nauyi a kanmu. Kalmomin da ke fuskar waya waɗanda mutum ke cin karo da su kullum ba su da yawa: kira, saƙo, ajiye, goge, yarda, ƙi, koma, aika, lambar sirri da ƴan'uwansu. Masana na INDRAP da na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, tare da malaman yaƙi da jahilci da masu gyaran waya na kasuwa, waɗanda su suka san abin da mutane ke faɗi da bakinsu, suna iya zama su tsai da jeri guda. In an tuntuɓi takwarorinsu na Kano da Zariya da Sakkwato ya fi, tun da maƙeri zai fi saurin karɓar jerin da zai yi masa aiki a ƙasashe biyu. A gwada shi a aji a Gazawa da Tsibiri kafin a buga, a ga wace kalma ce ke sa tsohuwa ta danna inda ba ta nufa ba. Fulfulde da Tamajak, waɗanda su ma ake ji a kasuwannin nan, sai a bi musu hanya ɗaya.

Kafin a kai ga haka, malamin aji yana da abin yi tun wannan rani. Maimakon ya koyar da cewa abu kaza yana sama ta dama, ya koyar da alamar kanta da kalmarta: hoton kwandon shara, hoton ƙulli, hoton gilashin nema, waɗanda kusan duk maƙera suka yi tarayya a kansu. Ya sa ɗalibai su yi musayar wayoyi a cikin aji, kowa ya nemo abu guda a wayar ɗan'uwansa. Ya ware darasi ɗaya a kan kashe intanet ga manhajar da ba a amfani da ita, ɗaya a kan sauko da allon rubutu mai baƙaƙen Hausa, ɗaya kuma a kan tagar nan da ke neman izini, yadda ba wanda zai danna ta sai ya karanta abin da ake roƙonsa. Sufetocin yaƙi da jahilci na Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna iya sa waɗannan darussa uku cikin tsarin horon malamai kafin a buɗe azuzuwa bayan girbi.